Malam Tsaya, Mai Koya wa Inji Tsayawa

Haihuwa da Asali

An haifi marigayin, wanda ɗalibansa da iyayensu suka fi sani da laƙabin Malam Tsaya, a shekara ta 1967, a unguwar ma'aikata da ke bayan babbar masaƙar garinsu, cikin gida mai ɗaki biyu wanda tagarsa take kallon katangar masaƙar. Mahaifinsa ma'aikacin masaƙar ne, mai kula da injin da yake naɗe yadi, mahaifiyarsa kuwa tela ce, tana ɗinki da keken ƙafa a barandar gidan. Shi ne na fari cikin 'ya'ya biyar, kuma shi kaɗai ne namiji.

A shekara ta 1977, yana da shekara goma a duniya, injin naɗe yadi ya kama hannun rigar mahaifinsa, ya ja hannunsa na dama har gwiwar hannu. Abokan aikinsa sun ga abin da idonsu, sun yi ihu iya ƙarfinsu, amma makunnin da ake kashe injin da shi yana can ƙarshen zauren, a bayan tarin bandir-bandir na yadi, kafin wani ya kai gare shi mai aukuwa ta auku. Hukumar masaƙar ta sallami mutumin da godiya da addu'a, makunnin kuma ya ci gaba da zamansa a bayan yadi har ranar da aka rufe masaƙar.

Tun daga wannan shekara aikin ɓalla wa mahaifin maɓallan riga kowace safiya ya faɗa kan yaron, domin tsohon ya ƙi yarda matarsa ko 'ya'yansa mata su yi masa. Mahaifiyar ta cire ƙananan maɓallan rigunansa duka ta ɗinka manya, don yatsun yaro su iya da su. An ruwaito cewa in ya kai maɓallin ƙarshe, uban yakan ɗaga haɓa ya ce, "A hankali dai, ɗan nan, wuyan ne kawai suka bar mini." Gidan yakan yi dariya, ban da yaron. 'Yan'uwansa mata sun tabbatar da cewa tun a lokacin ya sha alwashi, muddin shi ke da iko a kan wani inji, to wannan injin ba zai ci hannun kowa ba. Duk abin da ya yi a rayuwarsa bayan wannan, na kirki da na kuskure, daga alwashin nan ya fito.

Karatu

Ya shiga makarantar firamare a shekara ta 1973, ya wuce sakandare a 1979, ya kammala a 1984 da sakamako mai kyau a lissafi da kimiyya, da kuma rauni bayyananne a duk darasin da ake buƙatar mutum ya yi doguwar magana. A 1985 ya sami gurbi a kwalejin fasaha ta garin, inda ya karanci aikin lantarki. An ba shi dama ya tafi jami'a a wani gari mai nisa, ya ƙi, bisa hujjar cewa in ya tafi babu mai sa wa tsohonsa riga. Malamansa sun ɗauki wannan a matsayin wauta, sun kuma faɗa masa a gaban idonsa.

Bayan ya gama a 1988, masana'antu biyu suka neme shi. Ya je ya zagaya kowacce, ya tambayi inda makunnan injinansu suke, aka nuna masa, bai sake komawa ba. Sai ya yi kwas na koyarwa, ya zaɓi aji da alli.

Fara Aiki da Iyali

Ya kama aiki a shekara ta 1990 a wata makarantar sakandare ta jeka-ka-dawo da ke gefen gari, a matsayin malamin kimiyya, kuma a nan ya yi dukan shekarun aikinsa. Mahaifinsa ya rasu a 1994, kuma har safiyar da ya kwanta ciwon ajali ɗan ne yake sa masa riga kafin ya wuce makaranta.

A 1996 ya auri wata ma'aikaciyar jinya, mace mai faɗin gaskiya ba tare da kwana-kwana ba, wadda ta zauna da shi har ƙarshen rayuwarsa. Allah ya ba su 'ya'ya huɗu. Na farko namiji ne, an haife shi a 1999, kuma da yake ƙannensa suna kiransa Yaya, sai sunan ya bi shi har a bakin iyayensa. Malam ba mutum ne mai nuna so a fili ba, amma duk unguwar ta san cewa yaron nan shi ne ransa. Tun yana rarrafe uban ya toshe duk wata kafar lantarki ta gidan, ya sa wa fanka raga ta biyu, har matar takan ce gidansu ya fi asibitinsu tsaro.

Da aka kawo wa makarantar kwamfutoci a 2003, babu malamin da ya san kansu, sai aka jibge su a wani ɗaki aka lulluɓe da ƙyalle. Malam ya nemi mabuɗin ɗakin, ya riƙa zama bayan an tashi yana koya wa kansa yadda ake rubuta wa kwamfuta umarni, layi bayan layi, har ya ƙware.

Kafa Ƙungiyar Mutum-mutumi

A shekara ta 2008 ya kafa ƙungiyar ɗalibai masu ƙera mutum-mutumi. Abin da suke ƙerawa bai yi kama da mutum ba ko kaɗan. Akwatin ƙarfe ne mai taya huɗu, da batir, da hannu ɗaya da sarƙa take ɗagawa, da 'yar ƙaramar kwamfuta a ciki wadda take bin duk umarnin da ɗalibi ya rubuta mata, daidai yadda ya rubuta, ko da shirme ne.

Yara sukan shigo ƙungiyar da ɗoki, suna so ranar farko su ga abu yana gudu. Malam ba ya barin su su taɓa ko waya. Darasinsa na farko a tsakar aji yake yin sa, bayan an ture kujeru gefe. Sai ya ɗaure wa ɗalibi ɗaya ido, ya ce shi ne injin, ba ya tunani, ba ya gani, abin da aka ce kawai yake yi. Sauran su ba shi umarni. Ba a taɓa samun ajin da bai ce "tafi gaba" ba, kuma ba a taɓa samun ajin da ya tuna da abin da ya kamata ya biyo baya ba. Mai ɗaurarren ido ya miƙe sai bango, amma ba ya kaiwa, domin Malam yakan tsaya a gaban bangon, yaron ya yi karo da ƙirjinsa. Sannan ya juya ga ajin da ke ta dariya ya ce, "Kun ce masa tafi. Wa ya ce masa tsaya?" Daga nan laƙabin ya samo asali, kuma bai taɓa nuna ya ji haushinsa ba.

A bayan kowane mutum-mutumi yakan sa jan madanni babba, wanda in an danna injin zai tsaya cak. Sai dai a nan akwai abin da ya wajaba a faɗa, domin tarihin da ya ɓoye shi bai yi wa marigayin adalci ba. Kowane mai aikin lantarki ya san cewa irin wannan madanni a kan wayar batir ake sa shi, ya yanke wuta kai tsaye. Malam ya fi kowa sani, shi da ya karanci fannin. Amma da gangan ya haɗa nasa da 'yar kwamfutar, ta yadda madannin ba ya yin komai sai ɗalibi ya rubuta da hannunsa layukan da za su sa injin ya riƙa duba shi a kowane motsi. Hujjarsa ita ce, in madannin yana aiki da kansa, babu yaron da zai koyi rubuta masa umarni, kuma gobe in sun je masana'antu su ne za su ajiye makunni a bayan yadi. Don ya toshe haɗarin da ke cikin wannan tsari, ya kafa ƙa'ida ta biyu: ba a ɗora wa inji umarnin kowane ɗalibi sai shi Malam ya karanta shi da kansa, daga layin farko zuwa na ƙarshe.

Haka aka tafi shekara takwas ba tare da ko ƙwarzane ba. Ƙungiyar ba ta taɓa zuwa ta ɗaya a gasar makarantu ba, domin yaransa sukan ɓata rabin shekara a kan tsayawa yayin da na wasu suke koyon gudu, amma ɗalibai da dama da suka bi ta hannunsa sun zama injiniyoyi, kuma ana gane su a wurin aiki da tambayar farko da suke yi.

Tsegumi da Rantsuwa

Yaya ya shiga ƙungiyar a 2014, kuma cikin ɗan lokaci ya zarce tsararrakinsa, abin da bai kamata ya ba kowa mamaki ba ga yaron da ya tashi yana leƙen kafaɗar ubansa. 'Yan makaranta suka sa masa Ɗan Tsaya. A farkon 2016 ɗaliban da kansu suka zaɓe shi ya rubuta umarnin babban mutum-mutumin da za a kai gasa, wanda aka sa wa inji mai ƙarfi da sarƙa mai kauri don ya ɗaga akwatuna.

Nan fa tsegumi ya tashi. Wasu iyaye, waɗanda yawancinsu ba su taɓa taka ƙofar ɗakin ƙungiyar ba, suka fara cewa Malam ne yake rubutawa a gida ya ba ɗansa, yaron shafaffe da mai ne kawai, 'ya'yan talakawa kuma an bar su da ɗaure ƙusa. Maganar ta kai taron iyaye da malamai. Shugaban makarantar, mutum ne da bai taɓa gamuwa da rigimar da ba zai iya kauce mata ba, maimakon ya tsawatar sai ya nemi Malam ya wanke kansa.

Malam mutum ne mai zuciya, kuma zargin son kai ya yi masa ciwo fiye da yadda ya cancanta. Ya miƙe a gaban taron ya rantse cewa daga ranar ba zai sake duba ko layi ɗaya na aikin ɗansa ba, ba a makaranta ba, ba a gida ba, kuma ba zai kusanci teburin da yaron yake aiki ba. Aka tafa masa. Aka ɗora duba aikin Yaya a kan wani sabon malamin lissafi, mai ƙoƙari da kyakkyawar niyya, wanda bai daɗe da fara koyon abin ba.

Ya riƙe rantsuwar kamar yadda yake riƙe komai. An ce sau da dama yaron yakan kawo kwamfutarsa falo ya ce, "Baba, kallo ɗaya kawai, ba wanda zai sani," uban ya kau da kai ya ce shi ai ya sani. Matarsa ta yi masa magana, ta ce mutanen da yake neman yardarsu sun manta da zancen tun a bakin ƙofar taron. Ya kafe.

Hatsarin Shekara ta 2016

Sabon malamin ya duba aikin Yaya, ya ga layukan jan madanni suna nan a rubuce tsaf, ya amince. Abin da bai lura da shi ba, kuskure ne da kusan kowane mai koyo yake yi. Yaron ya sa wa injin umarnin ya ɗan jira kafin ya ɗaga hannu, don akwati ya daidaita. To irin wannan umarnin jira, muddin injin yana cikinsa, kurma ne: ba ya duba madanni, ba ya jin komai, sai lokacin ya cika ya wuce layi na gaba. Malam yana da darasi guda a kan wannan, kuma ya kama shi a aikin yara ba adadi.

Wata rana da la'asar, ana gwajin ƙarshe a babban zauren makarantar, sarƙar hannun ta goce daga kan haƙoranta. Yaya ya yi abin da aka koya masa tun yana ƙarami: ya danna jan madannin, ya ga injin ya tsaya shiru, ya sa hannu don ya mayar da sarƙar. Injin ba tsayawa ya yi ba, jira yake yi, kuma bai ji dannawar ba. Da jiran ya cika, ya ɗaga hannu.

Malam yana can ƙarshen zauren tare da 'yan aji ɗaya, inda rantsuwarsa ta ajiye shi. Ya ji ihun, ya taho da gudu yana ture kujeru, ya fizge wayar batir da hannunsa, amma zauren yana da tsawo. A asibitin da mahaifiyar yaron take aiki aka yanke abin da ya rage na yatsu uku na hannun dama, aka bar masa babban yatsa da ƙaramin. Abokan aikinta sun ji abin da ta faɗa wa mijinta a bakin ɗakin tiyata, ba da ƙarfi ba: "Malam, na 'ya'yan mutane ka bi layi-layi. Naka ka kau da kai." Iyayen da suka yi tsegumin suna cikin sahun farko na masu zuwa dubiya, suna ta faɗin ƙaddara da fuskokin tausayi.

Makarantar ta kafa kwamitin bincike, aka kawo umarnin da yaron ya rubuta aka ajiye a gaban Malam. Wannan ne karon farko da ya gan shi. Mambobin kwamitin sun shaida cewa bai kai ƙarshen shafin farko ba ya ɗora yatsa a kan layin, ya daɗe bai ɗaga ba. Ya shaida musu cewa sabon malamin ba shi da laifi, yaron ma ba shi da laifi, laifin nasa ne ta fuska biyu: shi ya ƙi sa madannin a kan wayar batir, shi kuma ya janye idon da ya sa a madadinsa. Aka rufe ƙungiyar, aka kulle mutum-mutumin a ɗakin ajiya tare da karyayyun kujeru.

Barin Aiki da Rabuwa da Ɗansa

Da aka sallamo Yaya daga asibiti, Malam ya koma aikin da ya sani tun yana yaro. Kowace safiya yakan shiga ɗakin yaron ya ɓalla masa maɓallan rigar makaranta. An ɗauki watanni a haka. Wata safiya yaron ya riƙe hannun uban da hagunsa, ya sauke shi daga ƙirjinsa, ya ce, "Bar shi, Baba. Ai ka rantse ba ka taɓa nawa." Ƙanwarsa da ke bakin ƙofa ce ta ruwaito wannan, ta ce mahaifinsu ya fito ya wuce ta kamar bai gan ta ba. Bai sake shiga ɗakin ba, kuma wannan kalma ta zauna masa a rai har ya koma ga Mahaliccinsa.

Ya ajiye aiki a shekara ta 2017, ya ƙi duk wani roƙo na ya dawo ko da darasin kimiyya kawai. Yaya ya gama sakandare da rubutun hagu, ya bar garin a 2018, ya kama aiki a ofishin wani kamfanin sufuri. Ya daina sa riga mai maɓalli, bai sake rubuta wa kwamfuta umarni ba. Yakan kira mahaifiyarsa a waya, in ta ce ga babanka, sai ya ce a gaishe shi.

Malam kuwa ya ɗauki jakar kayan aikinsa ya shiga bin masu injin niƙa da masu yankan katako da masu walda, yana roƙon su bar shi ya matso musu da makunni kusa da hannun mai aiki, ya kuma sa shi a kan wayar wuta kai tsaye. Wasu suka bar shi, wasu suka kore shi, yaran shaguna kuma suka riƙa cewa tsohon malamin nan kansa ya taɓu. Ba a san hannaye nawa ya tsirar ba, domin hatsarin da bai auku ba babu mai ba da labarinsa. Shi dai bai taɓa samun sanyi a ransa ba, ya rame, ya daina zama cikin mutane.

Jinya da Rasuwa

A shekara ta 2021 hawan jini ya kayar da shi a wani shagon katako, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, maganarsa ta sarƙe. Da aka dawo da shi gida sai halin mahaifinsa ya bayyana a gare shi: ya ƙi yarda matarsa ko 'ya'yansa mata su sa masa riga, ɗansa Auta kuma yana makarantar kwana. Ya wuni a kujera da singileti, in baƙi sun zo a yafa masa mayafi. Matar ta yi faɗa, ta yi lallashi, daga baya ta kira babban ɗanta ta faɗa masa halin da ake ciki, ba ta roƙe shi komai ba.

Yaya ya dawo gida a farkon 2022. Babu wanda ya ji sun yi maganar abin da ya wuce, uban ba shi da bakin yi, ɗan kuma bai tayar ba. Washegarin zuwansa ya ɗauko riga, ya durƙusa a gaban kujerar, ya fara ɓalla maɓallan da hannun hagu da yatsu biyun da suka rage masa a dama. Aikin ya yi masa wuya, ya ɗauki lokaci. Da ya kai na ƙarshe ya ce, "Ɗaga haɓa, Baba." Haka ya riƙa yi kowace safiya. Malam yakan zuba wa hannun ido yana hawaye, ɗan bai taɓa ɓoye hannun ba, bai kuma taɓa cewa ya daina kuka ba.

Allah ya yi wa Malam Tsaya rasuwa a shekara ta 2023, a gidansa, yana da shekara hamsin da shida. An yi masa sallah a ƙofar gida, aka binne shi a maƙabartar da ke jikin katangar tsohuwar masaƙa, ba nisa da kabarin mahaifinsa. Tsofaffin ɗalibansa sun zo da yawa daga garuruwa daban-daban, haka ma masu injin niƙa da masu katako, har da waɗanda suka taɓa korarsa. Makarantar ta aiko da wakili. Allah ya yafe masa kurakuransa, ya karɓi abin da ya yi nufi.

Ya bar matarsa, da 'yan'uwa mata huɗu, da 'ya'ya huɗu. Akwai Auta, wanda yake ajin ƙarshe a sakandare. Akwai yayarsa wadda yake bi wa, ɗalibar koyon haɗa magunguna. Akwai babbar 'yarsa, malamar firamare, mai aure da ɗa ɗaya. Sai Yaya, wanda ya koma aikinsa na kamfanin sufuri bayan an gama zaman makoki. Kafin ya tafi mahaifiyarsa ta tambaye shi ko ya yafe wa babansa. Ya ce shi dai bai sani ba, abin da ya sani kawai shi ne tun da ya dawo bai taɓa barin sa da wuyan riga a buɗe ba.